Numfashin Inji: Abin da Ya Faru da Mashin ɗin Ƙanena

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, gareji za mu shiga. Duk mai mashin, duk ɗan kabu-kabu, duk wanda mahaifinsa ke da injin ban ruwa a fadama, ya matso kusa, wannan hirar tasa ce.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ina da ƙane a nan Birnin Kebbi, kabu-kabu yake yi da Boxer. Mashin ɗin ba nasa ba ne tukuna, balas yake kaiwa duk sati har ya gama biya. Akwai abokansa da kan fita hanyar Ambursa da yamma su gwada gudu, kuma kullum shi ake bari a baya. Sai wani ya ce masa akwai mai gyaran da ke "buɗe wa inji hanya". Ya kai mashin. Aka sauke tof silinda, wato kan injin, aka sa injin gurzar ƙarfe aka fafe ramin da iska ke shiga har ya yi faɗi, aka goge shi yana ƙyalli kamar madubi. Aka cire soson tace iska aka jefar, aka huda salansa.

Ranar da ya dawo, tun daga bakin layi muka ji shi. Ya ce min, "Yaya, ka ji murya? Yanzu ya zama mashin." Bayan sati biyu murnar ta koma ciki. In ya ɗauki mutum biyu sai mashin ya riƙa nishi kafin ya ɗauki hanya. Man da ke kai shi la'asar ya koma ƙarewa da azahar. Abokan nan kuma ba su fasa wuce shi ba. Satin farko ya kasa cika balas, na biyu ma haka, mai mashin ya fara maganar karɓe kayansa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ni kimiyyar lissafi da fiziks na karanta, ban taɓa riƙe sifana da sunan sana'a ba. Amma abin ya tsaya min a rai. Ta yaya za a ƙara wa rami faɗi, inji kuma ya rage ƙarfi? Na shiga bincike, kuma abin da na samo ne zan ba ku yau.

Abu na farko: inji numfashi yake yi. Mu dai mai muke gani saboda shi muke saye da kuɗi, amma abin da inji ya fi ci iska ce. Kafin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo 1 nasa yana buƙatar iska kilo 14.7. In ka juya lissafin, litar fetur ɗaya tana neman iska wajen lita 9,000. Ku ƙiyasta durom 45 irin mai cin lita 200, duk cike da iska, saboda lita ɗaya tak. Ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi, ka taɓa kafireto kawai. Shigar da iska ita ce wahalar. Shi ya sa ƙarfin inji yake tsayawa daidai inda numfashinsa ya tsaya.

Ku ɗauki injin ban ruwa irin wanda ya cika fadamar Argungu, ƙirar Honda GX160 da masu kama da shi. Cikinsa 163cc ne, yana juyawa kusan sau 3,600 a minti. Ma'ana bawul ɗin shan iska yana buɗewa ya rufe sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ƙifta ido ya yi numfashi da yawa. Kuma duk iskar nan, wadda ta doshi lita 290 a minti in silinda na cika, dole ta bi ta wani ɗan lanƙwasasshen rami a cikin kan injin, ta kewaye bawul, sannan ta faɗa kan fistin. A wannan ɗan lungun ake cin riba, a nan kuma ake faɗuwa.

Mu a nan ma muna da ƙarin matsala. Iska mai zafi ba ta da nauyi. Ranar da zafi ya kai digiri 42 a watan Afrilu, iskar da inji ke shaƙa ta fi ta digiri 20 sauƙi da kusan kashi 7 cikin 100. Tun kafin kowa ya taɓa injinka, rana ta riga ta cire nata kason.

To su wa suka fi kowa sanin wannan lungu? Masu tseren mota na Amurka. Akwai tseren da suke yi a miƙaƙƙiyar hanya, mota biyu gefe da gefe, tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Asalinsa samari ne ke yi a titunan gari, ana ta haɗari, kamar dai yadda namu ke yi ranar ɗaurin aure. A 1951 wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a ɗauke abin daga titi a mayar da shi fili mai doka da masu duba lafiyar mota. A cikin azuzuwan tseren akwai wanda suke kira Stock, ma'ana mota yadda kamfani ya ƙera ta. A wannan ajin doka ta hana a fafe ko a goge hanyoyin iska na kan inji. Abin da aka yi wa mashin ɗin ƙanena, a can laifi ne da zai sa a kore ka. Alƙalai suna da ikon sa ka kwance injinka a gabansu su auna.

Duk da haka motocin nan suna gudun da ya wuce na ranar da suka fito daga kamfani nesa ba kusa ba. Ta yaya? Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne awo. Suna da na'urar da suke kira fulo benci, ni na sa mata teburin awon iska. Aikinta ɗaya: a ɗora kan inji a bisa, a zuƙo iska ta cikinsa da ƙarfin da aka sani, a buɗe bawul kaɗan-kaɗan, a rubuta yawan iskar da ta wuce a kowane mataki. Kamfanin SuperFlow na Amurka yana cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera ta tun shekarun 1970. Ƙarfin zuƙar da aka fi amfani da shi shi ne wanda zai ɗaga ruwa inci 28 a cikin tiyo, kimanin santimita 71. Iskar kuma da cfm suke ƙirga ta, kowane cfm 1 kusan lita 28 ne a minti. Dalilin tsayar da ma'auni ɗaya shi ne don awon yau ya yi magana da na gobe, na wannan gareji ya yi magana da na wancan.

Mai tseren Stock yakan tara kawunan inji da yawa masu lamba iri ɗaya, ya auna su ɗaya bayan ɗaya, domin ko a wajen zubin ƙarfe wani kan fi wani kyau. Ya zaɓi wanda ya fi numfashi. Daga nan ya koma kan ɗan abin da doka ta bar masa, wato mazaunin bawul, ɗan zoben nan da bawul ke zama a kai in ya rufe. Yawanci ana yanka shi a kusurwar digiri 45. Masu gyara sukan ƙara yanka biyu, ɗaya wajen digiri 30 a sama, ɗaya wajen 60 a ƙasa, don iska ta sha kwana a hankali maimakon ta ci karo da kaifi. Faɗin wurin bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, amma yana canza numfashin inji sosai. Ga dalili: a kowane numfashi, bawul sau ɗaya yake kaiwa ƙarshen buɗewarsa, amma sau biyu yake bi ta ƙaramar buɗewa, lokacin tashi da lokacin komawa. A wannan lokacin, mazaunin ne ƙofar.

Da na fahimci haka, sai na ce me zai hana mu gwada? Akwai wani dattijon bakanike da mahaifinmu ke kai wa gyara tun muna yara. Na same shi da takardata da zanena. Ya kalle ni ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, mi za ka gwada min ga inji? Shekara talatin ina wanga aiki, da kunne nika aunawa."

Na ce, "Baba, in kun gama goge bawul, ba kukan zuba fetur ko kananzir a ramin ku ga ko zai ɗiga ba?"

Ya ce, "Awo."

Na ce, "To ai wannan awo ne, Baba. Kun auna yadda yake rufewa. Ni so nake mu auna yadda yake buɗewa."

Ya yi shiru, ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

Ga abin da muka haɗa, kuma kowa zai iya. Kafinta ya yi mana akwatin katako, muka toshe duk wata kafa da gam. A samansa muka huda rami daidai faɗin silinda, inda kan injin zai zauna bisa gaskit. A gefe muka sa bakin injin shara mai zuƙar ƙura, na hannu muka saya. Sai farin tiyo irin wanda magina ke duba lebur da shi, muka lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako mai tsawon mita 2, muka zuba ruwa zuwa rabi, muka ɗiga zoɓo don a riƙa ganinsa, muka manna tef ɗin awo a gefe. Baki ɗaya na tiyon yana cikin akwati, ɗayan a buɗe. Muka cire sifirin ɗin bawul muka sa mai laushi, muka ɗaura ƙusa mai zare a samansa, irin M6, wadda duk juyi ɗaya take tura bawul milimita 1 cif. Fulogi yana wurinsa, bawul ɗin hayaƙi a rufe.

Karatun ba wuya. In ka kunna injin zuƙa, ruwan zai hau. In kan injin yana barin iska ta wuce da kyau, ruwan ba zai hau sosai ba. In yana shaƙe ta, ruwan zai yi sama. Namu ba ya ba da cfm kamar na masu kuɗi, amma yana gaya maka tsakanin kai biyu wanne ya fi, kuma ko aikin da ka yi ya gyara ko ya ɓata. Abu ɗaya za ku kiyaye: wuta tana hawa tana sauka, injin zuƙa kuma yana bin ta. Don haka muka yanka faifan ƙarfe mai rami ɗaya da ba ya canzawa, muna ɗora shi kafin kowane gwaji da bayansa. In karatun faifan ya motsa, mun san wuta ce, sai mu sake.

Kai biyu muka fara ɗorawa: na ƙanena da aka fafe, da wani tsoho irinsa da Baba ya ciro daga tarkace, wanda ba a taɓa ba. A milimita 1, 2 da 3, tsohon ya fi na ƙanena numfashi, ruwan ya nuna bambancin da ya kai yatsa biyu. Baba ya juya kan ya duba, ya ga dutsen gurza ya ci gefen mazaunin bawul ya bar masa tudu da kwari. Sai a can ƙarshen buɗewa ne fafaffen ya ɗan wuce, shi ma da kaɗan. Muka ɗaura zare a bakin waya muka zura cikin ramin. A tsohon kai zaren ya miƙe ya bi iska. A na ƙanena, da ya iso kwanar ƙasa, sai ya kama rawa yana juyawa. An gurje ɗan tudun da ke taimaka wa iska ta karya kwana, ta koma tana tsallake wurin tana murɗawa.

Baba ne ma ya ba ni misalin da ya fi nawa. Ya ce duk manomin shinkafa ya san in ka faɗaɗa hanyar ruwa fiye da ƙarfin injinka, ruwan kwanciya yake, ya zubar da yashi a hanya. Haka abin yake. Iskar da ke shiga inji tana buƙatar gudu, ba yawa kaɗai ba. Gudun ne ke riƙe da feshin fetur har cikin silinda, shi ne kuma ke ci gaba da cusa iska ko da fistin ya fara dawowa. In rami ya yi faɗi, gudun ya mutu, fetur ya kwanta a bango, inji ya rasa ƙarfin tashi da kaya. Gogewar madubin ma ba ta ƙara komai a ramin shan iska, masu wannan aiki da gangan suke barinsa da ɗan kaushi.

Sai muka ɗauki tsohon kan, Baba ya kankare baƙin hayaƙin da ya daskare a bayan bawul, ya gyara mazauninsa a natse, muka mayar bisa akwati. Ruwan ya ƙara sauka a kowane mataki. Ba mu cire ƙarfen rami ko ƙwayar gero ba. Muka kuma gwada da akwatin tace iska: da wankakken soso bambancin ɗan kaɗan ne da babu soso, amma da wanda ƙura ta toshe, ruwan ya yi tsalle. Kenan maganin shi ne wanki. Wanda ya jefar da soso a garin da hunturu ke cika iska da ƙura, yashi yake ɗura wa ringi da silinda. Ga shi kuma kafireto an saita shi ne da soson, in babu shi mai yakan yi ƙaranci a cikin iskar, inji ya riƙa zafi.

Kada in yi muku ƙarin gishiri: teburin awo ba shi ne alƙalin ƙarshe ba. Shi iska yake ja a miƙe ba tsayawa, inji kuwa fizga yake yana saki. Su kansu masu tseren sun san kai zai iya yin kyau a tebur ya ba da kunya a fili. Don haka bayan mun ɗaura tsohon kan, muka mayar da soso, aka sa salansa mai lafiya, Baba ya saita tazarar bawul da ma'auninta, sai na sa ƙanena ya sayi ɗan littafi. Kullum ya rubuta litar da ya sha da kilomitar da ya yi. Littafin ne ya tabbatar mana man ya koma yadda yake da. Kuɗin gyaran ni na ranta masa, ya roƙi mai mashin ya ƙara masa sati biyu, Allah Ya taimaka ya yarda. Har yanzu abokansa na wuce shi a hanyar Ambursa, sai dai ya daina zuwa.

Me ya sa na ga abin ya isa a yi shiri a kansa? Saboda jiharmu a kan ƙananan injuna take tsaye. A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. A Argungu aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a 2017. Shinkafar rani kuwa ba ta yiwuwa sai da ban ruwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, har manoma da dama suka juya injinansu zuwa gas, wasu suka koma sola. Wanda ya koma gas ma bai tsira daga wannan magana ba, domin gas yana cin wuri a hanyar da iska ke bi, numfashin ya ƙara zama abin lura. Injin da soson sa ya toshe ko bawul ɗinsa ya ci, yini yake yana ƙona kuɗin mai gona, shi kuwa yana jin ƙara yana cewa lafiya lau.

Kuma kada wani ya ce mana wannan ilimin na Turawa ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, a kwalejin kimiyya da fasaha ta garin nan, wadda yau ake kira Waziri Umaru, ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit, ya shiga General Motors, ya zana siffar motar Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, kuma a zamaninsa, lokacin da bikin kamun kifi na Argungu ya dawo a watan Maris na 2020, an yi jerin gwanon gwajin motoci daga Abuja har Argungu. Bikin da ya faro tun 1934 a bakin Matan Fada ya riga ya saba da mota.

Don haka ga roƙona guda uku. Ga 'yan uwana masu mashin: duk wanda ya ce zai fafe maka inji, tambaye shi da me zai auna kafin aiki da bayan aiki. In ya ce da kunne, ɗauki mashin ɗinka. Ƙarfen da aka gurje ba ya dawowa. Ga ɗaliban injiniya na Waziri Umaru da na jami'ar Aliero: ga aikin kammala karatu a gabanku. Ku haɗa teburin da ya fi namu, mai faifan awo da zai ba da lamba, ku kai shi gareji ku zauna da iyayenmu kanikawa. Suna da hannu da ido na shekaru, ku kuna da lissafi. Ga masu iko kuma: samarin nan ba za su daina son gudu ba, kamu da duka ba su hana ba. A ba su fili nesa da kasuwa da makaranta, da hular kwano dole, da motar asibiti a gefe, da ajin mashin yadda kamfani ya yi shi, inda mai natsuwa wajen gyara ne zai ci. Kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda wasan mashin na ranar biki.

Akwatin namu yana nan a garejin Baba, ya rufe shi da buhu saboda ƙura. Makon jiya na biya, na tarar ya ɗora kan injin ban ruwan wani manomi daga Zauro, yaransa biyu na karanta masa tef, shi yana juya ƙusa. Ya ɗago ya ce min, "Ɗana, samo muna littafi babba, wanga ya cika."

A nan za mu dakata. Wanda ke son zanen akwatin da girman kowane katako, zan kawo shi dalla-dalla a kashi na gaba, tare da yadda ake wanke soso da saita tazarar bawul a gida. Ku tura wa ɗan kabu-kabun unguwarku da mai injin fadama. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a sana'a. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.